Gas ɗin firij da rufin ozon: yaya ake bin sawunsa a cikin iska?

Wane gas ake nufi, kuma me ya haɗa shi da mutumin Kazaure ko Ringim?

Gas ɗin da mai gyara yake ɗura wa firij, da firizar masu ƙanƙara, da na'urar sanyaya ɗaki. Tsofaffin firij 'yan Kwatano da yawa da R12 suka zo, wato CFC-12. Ɗan'uwansa CFC-11 da shi ake hura soson da ke cikin bangon firij. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa har gobe akwai masu aiki da R22. Duk ukun suna ɗauke da sinadarin kulorin.

Biyun farko, wato na CFC, ba sa ruɓewa a ƙasa, ruwan sama ma ba ya wanke su. Sai su yi ta yawo har su hau sama, inda ozon ya fi yawa, tsakanin kilomita 15 zuwa 35. A can hasken rana mai ƙarfi yake farfasa su, kulorin ya kuɓuce, kuma ƙwayarsa guda tana iya rusa dubban ƙwayoyin ozon kafin ta sauko. Ozon ɗin nan shi ke tare hasken da ke jawo yanar ido da kansar fata. Mario Molina da Sherwood Rowland ne suka yi gargaɗin a 1974. A 1985 masanan Birtaniya a tashar Halley suka bayyana cewa rufin yana yin siriri ƙwarai a saman Antaktika, abin da ake kira hujin ozon, a 1987 kuma aka ƙulla yarjejeniyar Muntiriyal ta daina ƙera waɗannan gas ɗin sannu a hankali, wadda Nijeriya ke cikinta.

Tunda an hana su, me ake ci gaba da aunawa?

An hana ƙera su ne, na cikin iska yana nan. Ƙasashe masu tasowa sun daina CFC a 2010, amma CFC-11 yakan kai shekara 50 a iska, CFC-12 kuwa kusan 100. Yawan CFC-11 ya kai ƙololuwa wajen 1994, kusan kashi 270 cikin tiriliyan, yanzu yana wajen 220 ko ƙasa kaɗan. Raguwar shekara guda kusan kashi ɗaya cikin ɗari ce, don haka awon wata guda ko shekara guda ba ya nuna komai. Abin da ake dubawa shi ne gangarar layin cikin shekara goma ko ashirin: yana sauka yadda lissafi ya ce, ko akwai mai ƙara masa a ɓoye?

To yaya ake auna abin da bai taka kara ya karya ba haka?

Kashi 220 cikin tiriliyan kamar a ce ka nemo baƙar ƙwaya guda ne a cikin buhunan gero kusan 400. Hanya biyu ake bi. Ta farko, hukumar NOAA ta Amurka mai kula da yanayi da teku tana aika kwalabe na ƙarfe ko na gilashi zuwa wurare masu nisa da gari, a cika su da iska kusan kowane mako, a mayar da su ɗakin gwaji a Boulder. Bibbiyu ake cikawa lokaci guda. In sakamakonsu ya saɓa, an san ɗaya ta yi yoyo ko ta gurɓata, sai a ajiye awon gefe.

Ta biyu, tashoshin AGAGE, wata haɗakar masu awon iska ta ƙasashe daban-daban, waɗanda tushensu ya faro a 1978, na'urar tana wurin dare da rana: Mace Head a Ailan, Cape Grim a Tasmaniya, da wasu a Barbados, Samowa da Kalifoniya. Famfo yana zuƙo iska ta bututu daga saman hasumiya. A busar da ita, a bi da wajen lita biyu ta wani tarko mai sanyin da ya wuce digiri 150 ƙasa da sifiri, gas ɗin da ake nema ya maƙale, sauran iskar ta wuce. Sai a ɗumama tarkon farat ɗaya, a tura abin da ya kama cikin wani siririn bututu mai tsawo inda kowane gas ke fitowa a lokacinsa, na'urar ƙarshe ta tantance shi da nauyinsa.

Inda aikin ya fi wuya shi ne ma'auni. Na'urar kanta tana karkacewa da zafi da tsufa, shi ya sa tsakanin awo da awo ake ba ta iska daga wata tukunya da aka san ainihin abin da ke cikinta. Kafin tukunyar ta ƙare dole a gwada ta da wadda za ta gaje ta. Idan aka yi sake a nan, kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari ya isa ya shafe raguwar shekara sukutum. Sai kuma gurɓata ta kusa: na'urar sanyaya ɗakin tashar ma in ta yi yoyo za ta ɓata awo. A Cape Grim, iskar da ta taso daga teku ce kawai ake lissafawa a matsayin tsabtatacciya, kuma tun 1978 suke adana ta a tukwane, don in an ƙirƙiro sabon gas a koma a ga yaushe ya fara bayyana.

Awon ya taɓa kama wani kuwa?

Ya taɓa. A 2018 Stephen Montzka da abokan aikinsa na NOAA suka nuna cewa tun bayan 2012 saurin raguwar CFC-11 ya ragu da kusan rabi, alamar ana sakin ƙarin wajen tan 13,000 a shekara. Akwai wata shaidar: iskar arewacin duniya da ta kudu sukan ɗauki kusan shekara kafin su gauraya, kuma tazarar yawan CFC-11 da ke tsakaninsu ta faɗaɗa, wato daga arewa abin yake fitowa. A 2019 awon tashar Gosan ta Koriya ta Kudu da ta Hateruma a Japan ya nuna wajen tan 7,000 daga gabashin Sin ne, yankin Shandong da Hebei. Bayan an matsa, hayaƙin ya sauka. Inda ragowar ta fito ba a iya tantancewa ba, saboda wurare da yawa babu tasha. Afirka na ciki: tashar AGAGE da ke dutsen Mugogo a Ruwanda ta yi nisa da ta gane abin da ke tashi daga Kano.

Zafin bazarar da muke sha, ba hujin ozon ne ya kawo shi ba?

A'a. Hujin a saman Antaktika yake, daga Satumba zuwa Nuwamba. Sai dai CFC-12 yana riƙe zafi fiye da iskar kabon sau 10,000, don haka rage shi ya taimaka ta can ma. Rahoton masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 ya ƙiyasta rufin zai koma yadda yake a 1980 wajen 2040 a yawancin duniya, a Antaktika kuwa wajen 2066.

Malam, mu masu gyara da manoma fa, ina namu hannun?

Mai gyara ya fara karanta lambar da ke jikin kwamfiresa. Firij ɗin R12 da man ma'adini yake aiki, wanda ba ya gauraya da R134a, gas ɗin da ya maye gurbin R12. In aka ɗura haka nan, man ba zai riƙa komowa ba, kwamfiresa ta ƙone. R600a, gas ɗin sabbin firij da yawa, ba ya taɓa ozon amma yana kama wuta, ba a kai masa walda sai an kwashe shi sarai. A nemo wurin yoyo da ruwan sabulu a toshe kafin a cika, don na'urar ɗaki guda tana ɗaukar kusan kilo na R22, wanda ƙasashe irin tamu za su daina a 2030. Kada a ƙona soson tsohon firij don neman ƙarfe, sau da yawa CFC ɗin da ke cikinsa ya fi na bututun.

Na manomi shi ne N2O, wani gas mai tashi daga takin gona, wanda yarjejeniyar ba ta haɗa da shi ba, kuma a yanzu ya fi kowane hayaƙin da ake saki illa ga ozon. Ya tashi daga wajen kashi 270 cikin biliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 335, yana ƙaruwa da kusan ɗaya duk shekara. Ƙwayoyin halittar cikin ƙasa ne ke samar da shi daga takin da shuka ba ta sha ba, musamman inda ƙasa ke jiƙewa tana bushewa, kamar gonakin rani na Kadawa da Haɗeja. A raba yuriya kashi biyu ko uku, a binne ta kusa da gindin shuka, kuma kada a zuba ana shirin sakin ruwa mai yawa.