Likitan namun daji

Likitan namun daji shi ne likitan dabbobin da ya ƙware wajen kula da lafiyar zaki, giwa, ɓauna, gada da sauran dabbobin da ba na gida ba, ko a dawa suke ko a gidan zu. A Najeriya sai ya yi karatun shekara 6 a jami'a, ya yi rajista da hukumar likitocin dabbobi, sannan ya koyi sauran aikin a fili. A Jos aikin ya ta'allaƙa ne da gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda ta faro a 1924. Can ake kai jini da nama domin gwaji.

Mafi hatsarin aikinsa shi ne sa dabba barci. Ba a ɗora zaki a sikeli, don haka da ido likita yake ƙiyasta nauyi ya auna magani, galibi haɗin ketamine da xylazine, ya harba da bindigar allura a tsokar cinya ko kafaɗa. Da sassafe ake yi, kafin rana ta yi zafi. Maganin da ya gaza bai fi wanda ya yi yawa sauƙi ba: dabbar za ta yi ta gudu, jikinta ya yi zafi, tsokarta ta lalace, ta mutu bayan kwanaki alhali an ga ta tashi lafiya. Gada da barewa sun fi faɗawa wannan.

Da ta faɗi, a rufe mata ido da ƙyalle, a daina hayaniya. Mai tuƙa, irin su ɓauna, a kan ƙirji ake kwantar da ita, baki ƙasa, don kada ciki ya kumbura ko abinci ya koma huhu. Giwa kuwa a gefe take kwanciya, domin idan ta daɗe a kan ƙirji numfashi yakan gagare ta. Etorphine, maganin barcin da ake ba giwa, ɗigonsa yana iya kashe mutum, shi ya sa makarinsa yake kusa tun kafin a buɗe kwalbar.

Sauran aikin ya haɗa da cire wayar tarko daga ƙafa, maganin tsutsar ciki, da feɗe mushe don gano cutar da za ta iya tsallakawa zuwa shanu ko mutane.