Tsohon keken ɗinki: yadda za ka gane shi, ka kula da shi, ka tashe shi aiki

Masu tsofaffin kekunan ɗinki, irin baƙaƙen nan na zubin ƙarfe masu adon ruwan zinari, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Wani gado ya ci, wani tsintar nasa ya yi a ɗakin ajiya ƙura ta lulluɓe shi. Ga amsoshin waɗanda aka fi yi.

Ta yaya zan san shekarun keken da ke hannuna?

Idan Singer ne, aikin da sauƙi. Duba gadon keken ta gaba, wajen hannun dama, a gindin ginshiƙin da ke ɗauke da kan. Za ka ga lamba a buge cikin ƙarfe. Idan ta dushe, ɗiga mata man keke ka shafa da yatsa, za ta fito. Kekunan da aka ƙera kafin 1900 lambarsu zalla ce, ba harafi. Daga 1900 aka fara sa harafi a gaba, daga baya aka koma biyu. Kamfanin ya adana kundin waɗannan lambobi, kuma ƙungiyar masu tara kekunan ɗinki ta duniya, ISMACS, ta sa shi a intanet kowa ya duba kyauta. Sai dai ranar da za ka gani a kundin ita ce ranar da aka ware wa rukunin kekunan lambobinsu, don haka naka yana iya fitowa daga masana'anta bayan ta da wasu watanni.

Harafin K a bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K, yana nufin Kilbowie, wato masana'antar da ke Clydebank a Sikotilan. An ce daga buɗe ta a 1884 zuwa 1943 ta fitar da kekuna kimanin miliyan 36, kuma ba a rufe ta ba sai 1980. Wanda kuma ka ga tambarinsa na tagulla da shuɗin baki, an rubuta 1851 da 1951, na bikin cika shekara ɗari ne da Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka.

To samfurin fa? Duk baƙaƙe ne, ni ban ga bambanci ba.

Kada ka dubi ado, don ado iri ɗaya yana iya hawa samfuri daban-daban. Dubi inda kwarkwaro yake zama, da inda aka maƙala maɗaurin zaren sama, wato faifan nan biyu da ke matse zare.

Samfurin 15, wanda asalinsa ya koma 1879, maɗaurin zarensa a fuskar keke yake ta gefen hagu, yana kallon waje, kwarkwaronsa kuma yana shiga gidansa na ƙarfe ne a sa shi ta ƙasa a tsaye. Samfurin 66, da ya fito a 1902, maɗaurinsa yana fuskantar mai ɗinki, kuma ta sama ake jefa kwarkwaronsa a kwance. Samfurin 99 ƙanensa ne, komai iri ɗaya sai dai ya fi shi gajarta. Idan ka ja marfi ka tarar da dogon kwarkwaro siriri a cikin wani abu mai kama da harsashi, yana lilo gaba da baya, to 27 ne ko 28, ko magadansu 127 da 128. Akwai 201, wanda ƙugiyarsa, wato ƙarfen da ke cafko zaren allura ta ƙasa, zagaye take yi ba kai da komowa ba, shi ya sa ba ya ƙara kuma ɗinkinsa yake fita kamar an ja shi da rula. A ganina cikin masu miƙaƙƙen ɗinki babu wanda ya kamo shi. Sai ɗan ƙaramin nan 221, da ake kira Featherweight, wanda ya fito a 1933, jikinsa na alminiyom, nauyinsa wajen kilo 5.

Nawa ba a rubuta Singer ba, amma kamarsu ɗaya. Jabu ne?

A'a. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan sun ƙera ɗimbin kekuna bisa tsarin samfurin 15, 'yan kasuwa suna liƙa musu sunan da suka ga dama. Sin da Indiya ma sun bi wannan tsari, irin su Butterfly da Usha. Da yawa daga cikin na Japan ɗin ƙirarsu ba ta da makusa. Abin daɗin kuma shi ne kwarkwaro da gidansa da allura duk na 15 suna shiga, ba za ka sha wahalar kayan gyara ba. Sanin shekararsu ne ke da wuya, tunda yawancinsu ba su bar kundi ba. Su Pfaff na Jamus, da Bernina na Suwizalan, da Necchi na Italiya kuwa kowanne da tsarinsa, kada ka ɗauka kayan wani zai shiga wani.

Tayar hannu ta ƙi juyawa sam. Ya mutu ke nan?

Da wuya. Irin wannan keke ba shi da roba a cikinsa da za ta fashe, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, kuma abin da ya fi riƙe shi shi ne tsohon mai da ya bushe ya zama kamar ƙaro. Babban kuskure shi ne sa ƙarfi. Mutum ya kama taya da hannu biyu ya murɗa, ko ya ɗauko guduma, nan ne ake lanƙwasa sandar allura ko a gusar da saitin ƙugiya, ciwon da bai kai ya kawo ba ya zama babba.

Fara da cire allura, da farantin da ke ƙarƙashinta, da kwarkwaro da gidansa. Sau da yawa wani ɗan guntun zare ne ya maƙale a hanyar ƙugiya, kana zare shi keke ya saki. Share tarin auduga da ke tsakanin haƙoran da ke jan yadi da ƙaramin buroshi. Idan har yanzu bai motsa ba, buɗe marfin fuska da na baya, ka kwantar da kan ka ga cikinsa, ka ɗiɗɗiga kananzir a duk inda ƙarfe biyu suka haɗu suna motsi. Bar shi ya kwana. Washegari ka girgiza tayar a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan, ka ƙara ɗigawa. Ajiye shi a wuri mai ɗumi yana taimakawa, don zafi yana narkar da daskararren mai. Wani keken kwana ɗaya ya ishe shi, wani sai ya ci mako. Ranar da ya saki, goge kananzir ɗin ka bi shi da man keke, domin kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai.

Idan za ka kwance wani sashe, ɗauki hotonsa da waya kafin ka taɓa, kuma ka kwance wuri ɗaya ka mayar kafin ka wuce gaba. Yi amfani da sukudireba da bakinta ya cika tsagar noti daidai. Kuma ka riƙe notunan nan da kyau, domin barimar na Singer ta kamfanin ce shi kaɗai, na kanti ba sa hawa.

Da me zan wanke jikinsa ya yi ƙyalli?

A nan ne aka fi yi wa tsofaffin kekuna ɓarna, kuma ɓarnar da ba ta gyaruwa. Baƙin da kake gani wani shafi ne da aka gasa a jikin ƙarfe. A kansa aka manna adon zinarin, sannan aka rufe da siririn banish na shalak. Sifirit yana narkar da shalak nan take. Ruwa da sabulu mai ƙarfi suna ratsa shi inda ya tsattsage. Da zarar rufin ya tafi, zinarin sai ya koma fari kamar azurfa, daga nan ya goge gaba ɗaya. Na taɓa yi wa wani 66 haka da auduga da sifirit, shafa biyu kacal, kuma har yau in na dubi gurbin furen da ya ɓace sai raina ya sosu.

Man keke da tsumma mai laushi sun wadatar. Ɗiga, shafa a hankali, bar shi ya jiƙa dattin, goge, maimaita. Fara gwadawa ta baya, inda ido ba ya kai wa. Fararen ƙarafuna da ake iya cirewa, kamar farantin allura da marfin fuska, su ne za ka fitar ka goge tsatsarsu daban, nesa da adon.

Wane mai ya dace, kuma sau nawa?

Man keken ɗinki, farin nan mai ruwa-ruwa. Man girki yana daskarewa ya zama danƙo, man mota kuma ya yi kauri. Ɗigo ɗaya a kowane rami da kowace gaɓa ya isa, har da hanyar ƙugiya. Mai ɗinki kullum ya riƙa sawa a kai a kai, wanda ya ajiye nasa kuma ya sa masa bayan 'yan watanni ya juya tayar. Giyar keke, wato ƙarafan nan masu haƙora da ke juya juna, tana son giris. Moto kuwa kada mai ya shiga cikinsa, sai in littafinsa ya nuna wurin sawa.

Yana juyawa lafiya, amma yana tsallake, zare kuma yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi.

Kafin ka zargi saiti, canza allura. Yawancin waɗannan kekuna suna cin allurar gida ta yau da kullum, mai lamba 15x1 ko 130/705H. Inda ake tuntuɓe shi ne fuskar da za ta kalla. A 66 da 99 shafaffen gefenta dama yake kallo, zare ya shiga daga hagu. A 201 da 221 akasin haka ne. Dokar da ba ta saɓawa ita ce, dogon kwarin da ke jikin allura yana fuskantar ɓangaren da zare ke shigowa. Ka kuma tabbatar ta shige har ƙarshe kafin ka ɗaure.

Cukurkuɗewa a ƙasa kuwa, duk da a ƙasa ake ganinta, laifin zaren sama ne. Ko dai bai zauna tsakanin faifan maɗauri ba, ko datti ya hana su matsewa. Ɗaga ƙafar danne yadi kafin ka zura zare, don a lokacin ne faifan suke buɗewa. Gwada da zare kala biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In ɗinki ya daidaita, ƙullin yana ɓuya a tsakiyar yadi, ba ka ganin kalar ƙasa a sama ko ta sama a ƙasa.

Bel da wayar lantarki fa?

Bel ɗin keken ƙafa na fata ne. Ana yanka shi daidai tsawo, a huda bakin biyu, a haɗa da ɗan ƙarfe. Kada ya yi tsauri, feda za ta yi nauyi. Zoben robar da ke naɗa kwarkwaro shi ma yana bushewa, sauya shi minti ɗaya ne.

Mai moto kuwa, kada ka jona shi kafin a duba wayoyinsa. Tsohuwar roba tana farfashewa ta bar waya tsirara a jikin keken ƙarfe, kuma wannan yana iya kisa. Karanta farantin moto tukuna, domin na kasuwar Amurka na wutar bolt 110 ne, in ka ba shi 220 zai ƙone. Sauya waya aikin wanda ya san lantarki ne.

In sake masa fenti? Kuma yana da tsada in zan sayar?

Yawancinsu ba su da tsadar da mutane suke zato, tunda miliyoyi aka ƙera. Waɗanda masu tarawa ke bi su ne irin 221, da masu adon da bai goge ba, da waɗanda suka zo da akwatinsu da littafinsu da ƙananan kayan haɗinsu. Sabon fenti yana rage musu daraja a idon waɗannan mutane. Ni ba na ba da shawarar fenti sai in tsatsa ta cinye shafin har ba abin da za a ceta. Gogewar da ke gaban gado, inda yadi ya yi shekara da shekaru yana wucewa, ba ta hana ɗinki komai, sai dai ka shafa mata kakin goge katako mara kaushi don kada sauran adon ya bi. In za ka ajiye shi, sa ƙyalle a ƙarƙashin ƙafar danne yadi ka sauke ta, ka sassauta bel, ka rufe shi a wurin da ba danshi.