Rashin takardu ba ya soke haƙƙin ɗan ci-rani

A Tawa an daɗe ana cewa wanda aka kama a ƙasar waje babu takardu, sai yadda aka yi da shi. Ba haka ba ne. Sashe na 36 na yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1963 kan hulɗar jakadanci tsakanin ƙasashe ya wajabta wa masu kamu su sanar da ofishin jakadancin ƙasarka, amma sai ka buɗe baki ka nema. Yarjejeniyar Afirka ta 1981 kan haƙƙin ɗan Adam kuma ta haramta korar baƙi a dunƙule saboda ƙasarsu ko ƙabilarsu.

Wajen sa hannu aka fi yin asara. Takardar da ba a fassara maka ba, wataƙila ta amincewa da komawa gida ce. A Faransa kuwa, wanda ke tsare a cibiyar tsare baƙi, awa 48 kacal gare shi ya ƙalubalanci umurnin kora gaban alƙali.