Girman Jakar Goyo don Farautar Manyan Dabbobi da Dakon Nama: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara idan watan Satumba ya gabato, lokacin da ake buɗe farautar elk, wani babban dangin barewa, a jihohin yammacin Amurka irin su Kolorado da Montana da Aidaho da Wayomin, sai 'yan'uwanmu mazauna ƙasar, waɗanda abokan aiki suka ja ra'ayinsu ga wannan harka, su yi ta aiko mini da tambaya iri ɗaya, wato jaka mai lita nawa za su saya. Na gaji da maimaita bayani ga mutum ɗai-ɗai, shi ya sa na tattara amsoshin wuri guda, kuma ina roƙon duk mai niyyar shiga dawa ya karanta su gaba ɗaya kafin ya sake tambayata.

Jakar tafiye-tafiye da nake da ita a gida ba za ta yi ba?

Ba za ta yi ba. An ɗinka ta ne don tufafi da kayan da ba su da nauyi, kuma ranar da ka ɗora mata cinyar elk, ko dai maɗauranta su tsinke, ko kafaɗunka su gaza kafin ka yi nisa.

Wane irin nauyi ake magana a kai?

Elk babban dangin barewa ne mai ƙaho rassa-rassa, wanda girmansa ya kai na gwanki ko ya ɗara. Namijin da ya ƙosa yakan kai kilo 300 zuwa 320, macen kuwa kimanin kilo 225. Idan aka feɗe namijin aka zare ƙashi, tsoka zalla takan kama daga kilo 90 zuwa 110, kuma cinya guda da ƙashinta takan yi kilo 27 zuwa 35. Mus na Alaska, wani dangin barewa mai faffaɗan ƙaho, ya fi haka nesa ba kusa ba, domin babban namiji yakan wuce kilo 600, cinyarsa ɗaya ma tana iya haura kilo 50. Barewar duwatsu mai dogayen kunnuwa ita ce mai sauƙi, tunda tsokarta ba ta cika wuce kilo 30 ba, mutum ɗaya yana iya fito da ita a sawu guda.

Mene ne lambobin da nake gani a jikin jakunkuna, irin su 3600 da 5000 da 7200?

Faɗin cikin jakar ne da ma'aunin Amurkawa na inci kiyubik. Ka raba lambar da 61, sai ka sami lita. Jaka mai lamba 3600 lita 59 ce, mai 5000 lita 82, mai 5900 lita 97, mai 7200 kuwa lita 118.

To, lita nawa zan saya?

Yawan kwanakin da za ka yi nesa da motarka shi ne ke yanke wannan hukunci, ba girman dabbar ba. Idan da asuba za ka fita ka dawo zango da dare, lita 30 zuwa 40 ta ishe ka. Kwana biyu ko uku suna buƙatar lita 55 zuwa 60, kwana huɗu zuwa shida kimanin lita 80, mako guda ko fiye kuwa lita 100 zuwa 120. Mafarautan Amurka sukan ce inci kiyubik 1,000 ga kowane kwana, amma kada ka riƙe wannan kamar doka, domin tanti da jakar barci da murhu girmansu ɗaya ne ko kwana biyu za ka yi ko goma. Abinci kaɗai ke ƙaruwa. Abin da ke cinye wuri da gaske shi ne sanyi. Wanda zai fita a Nuwamba, cikin ƙanƙara, yana buƙatar ƙarin wuri sosai a kan wanda zai fita a Satumba.

Me ya sa kullum kake cewa a fara duba firam kafin jaka?

Domin firam, wato ƙwarangwal mai tauri da ake goyawa a baya a ɗaura jaka a kansa, shi ne ke ɗaukar nama, jaka kuwa mazubin kayan zango ce kawai, kuma ina mamakin yadda mutane ke ɓata makonni suna ƙirga aljihu da zik alhali ba su taɓa auna tsawon bayansu ba. Jakunkunan da kamfanoni irin su Kifaru da Stone Glacier da Mystery Ranch da Exo Mtn Gear ke yi suna rabuwa da firam ɗinsu, sai a sami sarari a tsakani inda ake shimfiɗa nama ya manne da bayan mai ɗauka, sannan a mayar da jakar a ɗaure a kansa. Hikimar ita ce abu mafi nauyi ya zauna kusa da ƙashin baya, tsakanin kafaɗu, kada ya zame ƙasa ya riƙa janyo mutum ta baya. Ɗamarar ƙugu ita ya kamata ta ɗauki mafi yawan nauyin, don haka dole ta zauna daidai a kan ƙashin kwankwaso ba tare da ta zame ba. Kan firam ɗin kuma ya kamata ya ɗan haura kafaɗunka, domin maɗauran sama su sami damar ɗage kaya daga kan kafaɗa. Ka sa wani ya auna maka daga ƙashin da ke tasowa a gindin wuya idan ka sunkuyar da kai, zuwa daidai saman kwankwaso, ka tafi shago da wannan ma'aunin.

Me zai hana in yi amfani da baro ko babur in huta?

Doka ce za ta hana ka a wurare da yawa. A yankunan da aka keɓe ƙarƙashin dokar kare dazuzzuka ta 1964, an haramta mota da babur da keke, har da amalanken jan nama. Doki da alfadari an yarda da su, kuma akwai masu bayar da hayarsu, amma sai ka yi magana da su tun kafin ka shiga dawa.

Zan fita ni kaɗai na kwana biyar, nisan kilomita takwas daga mota. Idan na harbi elk, babbar jaka za ta ba ni damar fito da nama da kayan zango tare?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma amsarta ta danganta da abubuwa da yawa waɗanda jaka ba ta da iko a kansu. Mu fara da lissafi. Kayan zango na kwana biyar, da bindiga ko baka, da ruwa, sukan kama kilo 20 zuwa 25 a ranar shiga, su ragu kaɗan yayin da kake cin abinci. Ka ɗora musu tsoka kilo 100 da ƙaho, ka ga ana maganar fiye da kilo 120. Mutum mai lafiya wanda ya horar da jikinsa yana iya tafiya da kilo 30 zuwa 35 a kan dutse cikin natsuwa. Akwai masu ɗaukar 45 ko fiye, ban musa ba, amma a gangare mai tsakuwa ko cikin itatuwan da suka faɗi, irin wannan nauyi shi ke kawo targaɗe da ciwon gwiwa, kuma mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai ɗauko shi. Saboda haka sawu huɗu ne a ƙalla. Sawu huɗu a nisan kilomita takwas na nufin fita huɗu da komawa uku, wato kilomita 56, kuma 32 daga ciki da kaya a baya, a tudun da sau da yawa ya haura mita 2,500, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya. Wannan aikin kwana biyu ne, wataƙila uku.

To, ko naman zai jira ka kwana uku? Ya danganta da yanayi. A ƙarshen Oktoba, idan dare na daskarewa, naman da aka rataye a inuwa zai iya jira ba tare da matsala ba. A farkon Satumba kuwa, lokacin masu baka, rana na iya yin zafi sosai, kuma nama ba ya samun cikakken aminci sai sanyinsa ya sauko kusa da digiri 4 na ma'aunin Salshiyas. Idan ka feɗe da wuri, ka raba gaɓoɓi, ka rataye su a gefen dutsen da ke fuskantar arewa ko kusa da rafi inda iska mai sanyi ke bi, daren farko zai fitar da zafin jiki, kuma hakan na iya ba ka ƙarin lokaci. Idan kuwa ka bar fata a jiki har gari ya waye, cinya takan fara wari daga can ciki kusa da ƙashi, kuma babu dabarar da za ta dawo da ita.

Sai batun zare ƙashi, wanda shi ma ba shi da amsa guda. Zare shi yana rage maka kilo goma ko fiye, wanda zai iya rage wahalar kowane sawu, amma tsoka zalla takan dunƙule wuri ɗaya ta riƙe zafi a tsakiya, kuma takan zame zuwa ƙasan firam sai dai idan an zuba ta a buhu mai tsawo siriri an ɗaure tamau. Naman da ke jikin ƙashi ya fi tsabta, ya fi sauƙin ratayewa, ya fi zama daidai a baya. Wani lokaci ma doka ce ke zaɓa maka. A wasu yankunan Alaska dole cinyoyi da karfata su fito da ƙashinsu idan kafin 1 ga Oktoba ne, yayin da jihohi da dama suka hana shigo da ƙwaƙwalwa da ƙashin baya daga wata jiha saboda wata cuta mai ramar da barewa, wadda aka fara gano ta a Kolorado a 1967. A yankin gandun dajin Yellowstone kuma, inda ake da manyan beyar, namun dajin da kan kai wa mutum hari, ka janye naman nesa da kayan ciki, ka rataye shi inda za ka hango shi daga nesa, domin kowace komawa haɗari ce.

Idan duk an haɗa, shawarata ita ce jaka mai lita 80 zuwa 100 a kan firam mai ƙarfi, wadda ke matsewa ta ƙanƙance idan babu kaya. Da ita za ka fito da kayan zango da gadon baya da ɗan abin da ya samu a sawun farko, sauran sawun kuma ka koma da jakar a matse. Mai lita 118 ba laifi ba ce, sai dai wurin da ya yi yawa yakan sa mutum ya cusa abin da ba ya buƙata. Amma idan zafi ake yi, kuma ba ka da aboki ko mai doki, gaskiyar magana kilomita takwas sun yi maka nisa, ka matso kusa da hanya. Mutum biyu sukan gama wannan aiki a sawu biyu kowannensu.

Idan na gaji, zan iya ɗaukar ƙaho da gadon baya in bar sauran?

Kada ka sake kawo wannan tunani. Almubazzaranci ne, kuma laifi ne da ake cin tara a kansa, a ƙwace lasisi, wani wuri har da ɗauri. Kolorado ta wajabta fito da cinyoyi biyu da karfata biyu da gadon baya da tsokar da ke cikin ƙugu, tare da barin shaidar jinsin dabbar a jikin naman. Alaska ta ƙara da naman wuya da haƙarƙari, kuma ta hana fito da ƙaho sai tare da sawun ƙarshe na nama. Wanda ya san ba zai iya dakon dabba ba, bai kamata ya ɗauke mata rai ba.

Zan iya zuba naman a leda don kada jini ya ɓata jakar?

A'a. Leda tana riƙe zafi da laima, nama ya lalace. Ka yi amfani da buhunan yadi marasa nauyi da aka yi don wannan aiki, waɗanda iska ke ratsawa amma ƙuda ba ya shiga. Jinin jaka ruwan sanyi da sabulu ke wanke shi.

Wane launi ya fi?

Dabba ba ta damu da launin jakarka ba, motsinka da warinka take lura da su. Abin da ya dame ni shi ne ɗan'uwanka maharbi ya gan ka. A lokacin farauta da bindiga, Kolorado ta wajabta sa tufa mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, faɗin inci murabba'i 500 a saman ƙugu tare da hula, kuma babbar jaka takan rufe na bayanka, don haka ka lulluɓe ta da irin wannan yadi. Idan kana ɗauke da ƙaho, ka juya tsininsa ƙasa ka ɗaura masa ƙyallen.

Waɗannan jakunkuna suna da tsada, ni kuwa sabon shiga ne. Ya zan yi?

Ka kwantar da hankalinka, ba sai ka kashe ɗaruruwan daloli a shekarar farko ba. Ana samun na hannu masu kyau bayan an rufe lokacin farauta, kuma firam guda yana karɓar jakunkuna masu girma dabam-dabam daga kamfani ɗaya, don haka kana iya farawa da ƙarama ka ƙara babba daga baya. Ko tsohon firam na alminiyam mai ɗan dandamali a ƙasa yana ɗaukar cinya lafiya lau idan ka ajiye shi a mota don sawu na biyu, kuma har yau mafarautan mus a Alaska da irinsa suke aiki. Duk wanda ka samu, ka zuba yashi kilo 20 a buhu ka ɗaura masa, ka riƙa hawa tudu ko matakalar bene tun watanni biyu kafin tafiya, kana ƙara nauyin sannu a hankali har ya kai 30. Idan ɗamarar na zamewa ko wani wuri na gurje maka fata, ka gyara maɗauran ko ka canza girman ɗamarar tun kana gida.