Inshorar mota: wai da gaske suna biya in an yi hatsari? Tambayoyi da amsoshi

Tun ranar 1 ga Fabrairu 2025 da 'yan sanda suka fara tsare motoci suna neman takardar inshora, mutane da yawa suka ruga suka yanka, amma in ka tambayi mai mota a Kano ko Kaduna amfanin takardar nan sai yace maka ai maganin ɗan sanda ce kawai, a saka a aljihun mota a manta. Ga wasu tambayoyi da suke yawan fitowa daga bakin masu mota.

Wai akwai wanda kamfanin inshora ya taɓa biya kuwa?

Akwai mana. Suna biya, amma basa bin ka gida da kuɗi, kuma in ka basu ƙofa ɗaya ta zillewa zasu bi ta cikinta ba kunya. Yawancin masu cewa inshora damfara ce in ka zauna dasu zaka tarar ɗaya cikin uku ne, ko takardar hannunsu ta bogi ce, ko basu san me suka saya ba, ko kuma ko sau ɗaya basu taɓa rubutawa kamfanin suna neman haƙƙinsu ba, sun dai ji ana faɗa a majalisa. Wannan ba wanke kamfanonin nake ba fa, suma suna da nasu laifin kuma zamu zo kansa.

Ni ta dubu 15 na yanka, in motata ta lalace me zasu bani?

Ko sisi. Wannan ita ce ake kira tad fati, ta wanda ka buga ce, ba taka ba. A da naira dubu 5 ake yankarta, sai hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta maida ita dubu 15 daga 1 ga Janairu 2023, ta kuma ɗaga abin da za a iya biyan wanda ka ɓatawa dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3 ga motar gida. Keke Napep dubu 5 ne, babur dubu 3, manyan motocin dakon kaya dubu 100. Wato in birki ya ƙwace maka ka daki bayan motar wani ko ka rushe katangar mutane, kamfaninka ne ya kamata ya biya har zuwa wannan iyakar, rauni da rai kuma lissafinsu daban ne. Taka motar kuwa kai da fanal bitanka.

In kana so a gyara taka sai ka yanki cikakkiya, wadda ta haɗa hatsari da gobara da sata, ita kuma hukumar tace kuɗinta kar ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, motar miliyan 10 kenan dubu 500 a shekara. Shi yasa ba kowa ke kusantarta ba.

Yaya zan san takardata ta gaskiya ce?

Ka shiga askniid.org ka saka lambar motarka, ko ka danna *565*11# a waya. Rumbun bayanai ne da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya take riƙe dashi, in sunan kamfani da ranar ƙarewa basu fito ba toh abin da ke hannunka takardar tsire ce. Wannan matsalar tafi samun masu miƙa kuɗi dunƙule ga 'yan kamasho a bakin ofishin lasin suce a haɗo musu komai da komai, a dawo musu da takardu masu sheƙi harda hatimi. Kuma duk wanda yace zai yi maka ita a dubu 5 ko 7 yanzu, kai ma ka san amsar.

An yi karo yanzun nan, me zan fara yi?

In akwai wanda ya ji ciwo asibiti tukuna, wannan ba sai an faɗa ba. Bayan haka kafin a matsar da motocin ka ɗauki hoto da bidiyo, ba na wurin da ya lotse kawai ba, ka ja baya ka ɗauko titin gaba ɗaya yadda za a ga inda kowa yake tsaye, lambar motoci biyun ta fito sarai, fasasshen gilashi da sawun taya a ƙasa, ka ɗauki lasin ɗin ɗaya direban da takardar inshorarsa, ka karɓi lambar wayar mutum ɗaya ko biyu da akayi abin a idonsu, mai shayin wurin ko mai faci ya wadatar. Sai ka sanar da kamfanin a ranar, kar ka bari sai ka huce. Kira yana da kyau amma ka bi shi da rubutu, imel ko WhatsApp, dan kira iska ne, gobe wani zai ɗaga yace shi bai san zancen ba. Kowace takardar inshora akwai wa'adin sanarwa a jikinta kuma latti yana cikin dalilan da suka fi saurin kamawa su ƙi biya.

Zasu nemi ka cike fom, ka kawo takardun mota da lasin mai rai, da ƙiyasin gyara daga makaniki, in abin babba ne ko akwai rauni ko sata sai da rahoton 'yan sanda.

To in munyi sulhu a bakin titi fa?

Nan ne mafi yawanmu muke asarar haƙƙinmu. Ka san yadda abin yake, mutane sun taru, wani dattijo ya shiga tsakani, ana ta "ƙaddara ce, Allah ya kiyaye gaba", wanda yayi bugun ya dafa ƙirji yace laifinsa ne zai gyara, a ja motar garejin wani abokinsa. Abu ne mai kyau a zamantakewa, ban ce a daina ba. Amma a wajen kamfani akwai sharaɗin cewa kar ka amsa laifi ko kayi alƙawarin biya ba da saninsu ba, kuma kar a taɓa motar kafin injiniyansu ya gani. In ka riga ka biya daga aljihunka, an buge bamba an fesa fenti, sannan ka kwaso rasit ka kai musu, da wuya ka ga komai. Zaka iya bada haƙuri da ladabi, ka tambayi lafiyar mutum, sannan kace masa Alhaji ina da inshora bari mu kira su. Idan gyaran fitila ɗaya ce ta dubu 20 kam ku sasanta ku wuce, wahalar takardun tafi kuɗin.

Makanikina yace dubu 900, su kuma sunce dubu 600 zasu bayar, ba cuta bace?

Wani lokaci cuta ce, wani lokaci lissafi ne da yake rubuce tun farko ba a karanta ba. Akwai wani kaso da kai zaka ɗauka a kowane gyara, yana nan a takardar. Akwai kuma ragin tsufa, in tayar da ta fashe ta riga ta siɗe bazasu saya maka sabuwa dal su biya duka ba. Sannan injiniyan nasu ya san farashin kayan mota a kasuwannin Ƙofar Ruwa da Panteka da Ladipo, kuma ya san wasu makanikai da zarar sunji kalmar inshora sai su ninka kuɗi. Amma tayin farko ba wahayi bane, kana da ikon ƙi. Ka samo farashi a rubuce daga shago biyu ka tura musu, kace su nuna maka layi layi abin da suka rage da dalili. Kuma kar ka saka hannu a takardar sallama, wato takardar da ke nuna ka amince da abin da zasu biya ka, sai ka yarda da adadin, dan da ka saka hannu magana ta ƙare.

Wani abu da ya ƙona mutane da yawa tun da naira ta faɗi a 2023, mutum ya yanki cikakkiyar inshora a kan tsohon farashi, yana sabuntawa duk shekara a haka dan kuɗin yayi sauƙi, sai a sace motar ko ta tashi aiki gaba ɗaya, su biya abin da aka rubuta, ya je kasuwa ya tarar ko rabin irinta bazai saya ba.

Me yasa suke jan ƙafa haka, kullum "ana kan aiki"?

Yawancin kamfanonin hedikwatarsu a Legas take, reshen da ke garinku aikinsa sayarwa ne, ma'aikacin da yake maka murmushi ranar da ka kawo kuɗi bashi da ikon sa hannu a biya ka ko kwabo, shima tura fayil yake yana jira. Ga matsalar harshe, takarda shafi goma da Turancin lauyoyi, layin kula da abokan hulɗa ba lallai ka samu mai jin Hausa ba, sai direba ya kira sau biyu ya gaji yace ya barwa Allah. Abin da yafi bani haushi shine neman takardu ɗaya bayan ɗaya, yau hoton lasin, bayan sati biyu a ce saura takardar mallaka. Maganinsa tun ranar farko kace a baka jerin duk abin da ake buƙata a rubuce, da lambar fayil ɗinka, da sunan wanda yake riƙe dashi. In ta hannun dillalin inshora mai rajista ka yanka toh ka taso shi gaba, bin kadin biyanka aikinsa ne, dama kamasho yake karɓa daga kamfanin.

Sun ƙi biya, ko sunyi shiru, ina zan kai kuka?

Ka fara duba ko kai ne ka basu dama, lasin ya mutu, ko motar gida ka yanka mata amma kana kabu kabu ko Bolt da ita, ko baka gama biyan kuɗin inshorar ba, dan ƙa'idar ita ce ba biya ba kariya. In duk babu wannan kace su baka dalilin ƙin a rubuce. A da, tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta basu kwana 90 su biya bayan takardar sallama ko su rubuto dalilin ƙi, sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sakawa hannu a 2025 ta maye gurbinta kuma ta ƙara tsaurara batun biya a kan lokaci. Ka rubutawa shugaban kamfanin, in ba motsi ka kai ƙorafi NAICOM, tana da sashen karɓar koke kuma lasisinsu a hannunta yake, shi yasa wasiƙar da aka saka hukumar a kwafi take saurin samun amsa. Kotu tana nan amma ita ce ta ƙarshe.

Ni damuwata halacci ne, akwai mafita?

Akwai takaful, hukumar ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013 kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna yin na mota. Kuɗin da kuka zuba gudummawa ce a asusu ɗaya, daga ciki ake biyan wanda tsautsayi ya faɗawa, in anyi rara ana iya rabawa waɗanda basu karɓi komai ba, kuma akwai malamai masu sa ido. Takardarsu tana aiki a wajen 'yan sanda kamar kowacce. Sai dai wajen neman biya sharuɗɗan nan ne dai, hoto, sanarwa da wuri, lasin mai rai, kuma suma zasu turo injiniya ya duba motar kafin fanal bita ya ɗaga guduma.