In tauraron ɗan'adam ya faɗo wa mutum a gona, wa zai biya?

Tun watan Fabrairun 2022, lokacin da kamfanin SpaceX ya harba taurarin intanet na Starlink 49, guguwar rana (wato ƙarfin da rana kan feso zuwa sararin samaniya) ta taso, 38 suka dawo suka ƙone, ake ta yaɗa magana ɗaya: wai in guguwar rana ce sila, ikon Allah ne, babu diyya. Ba haka dokar ta ce ba.

Abin da ke faruwa shi ne, maganaɗisun duniya na jan ƙarfin guguwar zuwa ƙuryar arewa da ta kudu, inda hasken nan kore da ja ke bayyana da dare. Iskar sama ta yi zafi ta kumbura, ta riƙa rage wa tauraron da ke ƙasa-ƙasa gudu har ya sauko.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1972 kan ɓarnar kayan sararin samaniya ta ɗora alhakin kan ƙasar da ta harba, ko da kamfani ne mai kayan. In ɓarnar a doron ƙasa ce, ko jirgin sama ya shafa, ba a tambayar ko an yi sakaci. Biya kawai. Guguwar rana ba uzuri ba ce. Sai in taurari biyu suka yi karo a can sama ne ake neman mai laifi.

Inda gizo ke saƙar: kai da aka fasa wa rufin kwano ba ka da bakin kai ƙara a ƙarƙashin yarjejeniyar. Gwamnatinka ce za ta nema ta hanyar diflomasiyya, cikin shekara ɗaya. In ta yi shiru, sai dai ka je ka kai ƙara da kanka a kotunan ƙasar da ta harba. Ni dai a ganina an ƙwari talaka a nan. Kanada ma, da tauraron Kosmos 954 na Tarayyar Sobiyat ya watsa mata tarkacen nukiliya a arewacinta a 1978, ta nemi sama da dalar Kanada miliyan 6, aka ƙare a miliyan 3 a 1981.

Masu cewa tsintuwa ce kuma, a kai wa 'yan gwangwan, su ji: yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce faɗuwa ba ta sauya mai shi. Kar ma a taɓa da hannu, a kira hukuma.