Ƙirƙirarriyar basira

Ƙirƙirarriyar basira fanni ne na ilimin kwamfuta da ke nazarin yadda na'ura za ta yi ayyukan da a da sai mai hankali ke iya yi: gane murya da fuska, fassara, da yanke shawara daga bayanan da aka ba ta. Ana kuma ce mata AI, taƙaitaccen sunanta na Turanci.

Tarihi

Jerin matakan da kwamfuta ke bi wajen warware matsala shi ne algoridim, kalmar da ta samo asali daga sunan al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

A 1950 Alan Turing, ɗan Ingila, ya kawo wani gwaji: mutum ya yi hira a rubuce da abokan magana biyu da ba ya gani, ɗaya mutum, ɗaya na'ura. In ya kasa tantance su, to na'urar ta ci. Sunan fannin kuwa John McCarthy ne ya raɗa shi a 1955, a takardar neman tallafin taron da aka yi a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956. A wannan tsakanin Allen Newell da Herbert Simon da Cliff Shaw suka haɗa manhajar da ta tabbatar da ƙa'idojin lissafi 38 cikin 52 da aka ba ta. Wajajen 1958 Frank Rosenblatt ya fito da na'urar da ke kwaikwayon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa.

Labarin manhajar hira ELIZA ya fi jan hankali. Joseph Weizenbaum ya bayyana ta a 1966, kuma ba abin da take yi illa juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya. Duk da haka wasu suka riƙa fayyace mata sirrinsu, abin da ya tayar wa maƙerinta hankali.

An cika baki da yawa, aiki bai kai ba. Bayan rahoton James Lighthill na 1973, gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, bincike ya yi sanyi. Daga baya fannin ya farfaɗo: Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a darar Turawa a 1997, manhajar AlphaGo kuma ta ci gwanin wata dara da ake kira Go, Lee Sedol, wasa 4 cikin 5 a 2016.

Yadda take aiki

Hanyoyi biyu ne. A tsohuwar, masana ke rubuta wa na'ura dokoki ɗaya bayan ɗaya. A ta biyun, wadda ta rinjaya tun 2012, misalai ake tara mata. A nuna mata dubban hotunan ganyen masara, masu lafiya da masu cuta, tana hasashe ana gyara mata, har ta iya bambancewa, kamar yadda yaron maɗinki ke gane aska takwas da yawan gani.

Hausa

Google Translate ya saka Hausa a 2013, manhajar hira ta ChatGPT kuma ta fito a Nuwamban 2022. Rubutun Hausa a intanet kaɗan ne, kuma ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa na'ura kan rikita gari na zama da garin tuwo.

Saɓani

Masana ba su daidaita ba kan ko na'urar tana fahimta ne ko kwaikwayo kawai take yi.